Ƙas-ƙas a cikin samfula: daga ina take fitowa, yaya ake kashe ta?

Akwai wata ƙara da duk mai haɗa kiɗa da samfula ya sani, ko da bai taɓa raɗa mata suna ba. Ka yanki bugun kalangu mai daɗi, ka ɗora shi a kan maɓalli, ka danna, sai ka ji "ƙas" a gaban bugun ko a wutsiyarsa, kamar an karya tsinken tsintsiya kusa da kunnenka. Wani lokaci kuma "bif" ce mai nauyi, irin wadda ke sa takardar sifika ta turo kai waje. A cikin ɗaki, da ƙananan sifiku, mutum na iya kawar da kai. Ran da aka saki waƙar a wurin biki a Gawon Nama ko Arkilla, da manyan sifikun haya, ranar ce ƙarar ke tona asiri, domin duk inda bugun ya dawo ita ma tana biye da shi.

Ga wanda bai saba ba, samfula na'ura ce da ke naɗar guntun sauti ta ajiye, ta maido shi duk lokacin da aka danna maɓalli. Irin su Akai MPC da Roland SP-404 ke nan, har da wasu piyanonin Korg da ke da sashen naɗa da yanka a cikinsu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yaron da ke koyon aiki a wurina a Mabera. Kwana biyu ya yi yana fama da wani kiɗan kalangu da muka naɗa, ya yayyanka shi gida takwas. Da yamma ya same ni ya ce, "Oga, wagga ƙara daga ina taka hitowa? Na rage folum, na sa filta, ta ƙi tahiya." Da na saurara, ya rufe filtar, wato matatar da ke datse siririn amo, har kalangun ya koma kamar ana kaɗa shi a ƙarƙashin bargo, kuma ƙarar tana nan, ta dai sauya murya. Na ce masa, "Buɗe filtar duka, ɗana. Ba datti ba ne da za a tace. Zo in nuna maka abin da ke faruwa."

Sauti motsin iska ne. Fatar kalangu ta yi gaba ta yi baya, ta tura iska, makirufo ya mai da wannan motsi wutar lantarki mai hawa da sauka. Samfula ba ta iya riƙe hawa da saukar a dunƙule, sai ta riƙa auna tsayinsa tana rubuta lamba. A ma'aunin faifan CD, wanda na'urori da yawa suka gada, ana yin awon sau 44,100 a sakan ɗaya, kowane awo kuma yana faɗawa a kan ɗaya daga cikin matakai 65,536, abin da ake nufi da bit 16 ke nan. Rabin matakan suna sama da sifiri, rabi suna ƙasa. Sifiri shi ne inda takardar sifika ke zaune a mazauninta, ba ta turo ba, ba ta shige ba. Zanen nan mai kama da igiya da kake gani a allon na'ura, taswirar tafiyar takardar ce.

To, idan ba abin da ke kaɗawa, takarda tana kan sifiri. Ka danna maɓalli, sai aka yi rashin sa'a inda ka sa wuƙarka igiyar tana sama, a ce lamba ta farko 12,000 ce. Dole takarda ta bar sifiri ta kai can cikin kashi ɗaya bisa 44,100 na sakan, ba tare da ta taka matakan da ke tsakani ba. Wannan zabura ita ce ƙas. Haka kuma a ƙarshe: idan yankin ya ƙare igiya tana sama, sai ta faɗo sifiri lokaci guda.

Dalilin da ya sa filta ba ta kashe ta yana cikin lissafin wani Bafaranshe, Joseph Fourier, wanda ya wallafa aikinsa a 1822. Ya nuna cewa kowace irin igiya ana iya warware ta zuwa tarin igiyoyi masu sauƙi, wasu masu kauri, wasu sirara. Tsalle mai kaifi yana ɗauke da dukansu, tun daga mafi kaurin amo har mafi siririn da kunne ke kamawa. Idan ka datse saman da filta, ka cire kaifin ne kawai, kaurin yana nan. Shi ya sa ƙas ɗin yaron nan ta koma bif, kalangun kuma ya rasa haskensa a banza.

Saboda haka kafin a taɓa komai, tambaya ɗaya nake yi: yaushe ƙarar ke zuwa? A kashe duk sauran sautuka, a sa abin ji a kunne, a danna maɓallin shi kaɗai sau goma. In tana zuwa a wuri ɗaya kullum, tana cikin yankin, ko a baki, ko a wutsiya, ko a tsakiya. In ba ta zuwa sai an saki kiɗan gaba ɗaya, wani sauti ne ke katse wani. In kuwa tana zuwa yadda ta ga dama, yau nan gobe can, a bar yankin ya huta, a duba wuta da wayoyi. Wannan ɗan gwajin na minti biyu ya fi awa uku na murɗe-murɗe.

Mu fara da baki da wutsiya, domin nan ne mafi yawan matsalar take. Magani na farko shi ne a matsar da wurin yanka zuwa inda igiya ke tsallaka layin sifiri. A zuƙo zanen sosai har a ga hawa da saukarsa ɗaya bayan ɗaya, a ajiye alamar farawa a daidai mahaɗar, a yi haka a ƙarshe. Sabbin MPC da piyanoni irin Korg Triton suna da wurin da ake kunnawa alamar ta riƙa maƙalewa a kan sifiri da kanta. Na da ba su sami wannan gata ba. E-mu SP-1200 ta 1987, mai sakan 10 kacal na naɗi da bit 12, da Akai MPC60 ta 1988 da aka ƙera tare da Ba'amurke Roger Linn, lambobi kawai suke nunawa, sai a MPC2000 ta 1997 aka sami zanen igiya a zuri'ar MPC. Masu aiki da su da kunne suke nema, suna matsar da lamba kaɗan-kaɗan suna danna maɓalli har ƙarar ta ɓace. Har gobe ina ganin wannan horo ya kamata kowane mai koyo ya fara da shi, domin allo yana iya nuna maka sifiri alhali kunne yana jin abin da ya saura.

Akwai abin lura game da amo mai kauri. Sautin da ke kaɗawa sau 440 a sakan yana kammala zagaye ɗaya cikin awo kusan 100, yana tsallaka sifiri sau 880 a sakan, duk inda ka sa wuƙa akwai mahaɗa kusa. Amma babbar ganga ko bes (amon nan mai kauri na ƙasan kiɗa) da ke kaɗawa sau 60 a sakan, zagayenta ɗaya awo 735 ne, mahaɗa ba ta zuwa sai bayan awo kusan 367. Ga nisa, ga kuma tsirara: sauti mai kauri ba shi da siririn amo da zai lulluɓe ƙas, sai ta fito fili kamar farin zare a baƙin yadi. Ƙarar da za ta ɓuya a cikin kacau-kacau ko tafi, a cikin bes ba ta da maɓoya.

Magani na biyu shi ne a sassauta shiga da fita. Kusan kowace samfula tana da abin da 'yan sutudiyo ke kira atak da rilis, wato tsawon lokacin da sauti ke ɗauka kafin ya cika ƙarfi, da wanda yake ɗauka kafin ya mutu. Milisakan ɗaya, kashi ɗaya bisa dubu na sakan, awo 44 ne. Atak na milisakan 1 zuwa 3 ya isa ya mai da tsalle ya zama gangara ga yawancin sautuka, bes kuwa kan nemi 5 ko 10. A wutsiya ana iya sakin hannu, 10 zuwa 30 ba ya ɓata komai.

A nan ne nake roƙon matasanmu su yi hattara, kuma wannan ne abin da ya fi damuna a duk maganar. Bugun kalangu, a milisakan ɗinsa na farko, shi ma wani irin kaifi ne: saukar icen kiɗa a kan fata. Haka saukar yatsa a kan kotso, haka fizgar tsirkiyar gurmi. Wannan kaifi shi ne ke gaya wa kunne wane abin kiɗa ne, shi ke sa ƙafa ta motsa. Wanda ya ja atak zuwa milisakan 20 ko 30 don gudun ƙas, ya aske bugun tare da ita, ya bar gunji mara kai. Na sha jin waƙoƙin biki da aka yi wa kalangu wannan aski, sai ka ji kiɗan yana tafiya amma ba ya cizo. Dabarar ita ce a ja alamar farawa baya kaɗan, milisakan 2 ko 3 kafin icen ya sauka, a bar gangarar ta ci wannan ɗan fili, bugun ya fito cikakke. Kada kuma a ja baya da yawa, in ba haka ba bugun zai riƙa makara a cikin kiɗa.

Sai maganar maimaici, inda ake sa wutsiyar sauti ta koma ta haɗu da wani wuri a jikinsa don ya ɗore muddin yatsa na kan maɓalli. Da shi ake tsawaita goge, sarewa ko algaita. A nan sifiri kaɗai bai isa ba. In igiya ta iso ƙarshe tana hawa, dole inda za ta koma ya zama wurin hawa. In ta tarar da gangara, an sami kusurwa mai kaifi, kuma kunne zai ji ta a kowane zagaye. Dole kuma tsawon maimaicin ya ƙunshi cikakkun zagaye na igiyar, ƙarfin sautin a wuraren biyu ya yi kusa da juna. Goge ba ya tsayawa a ƙarfi ɗaya, hannun mai gogawa yana rawa, don haka samun wurare biyu masu kama da juna aiki ne na haƙuri. Idan ya gagara, sai a koma ga dabarar dukawa. Baduku in zai haɗa fata biyu ba ya kara baki da baki, sai ya kankare gefen kowace ta yi siriri, ya ɗora ɗaya kan ɗaya, ka shafa ba ka jin tudu. Haka samfula ke yi idan aka ce ta narka ƙarshen maimaici cikin farkonsa, ɗaya na raguwa ɗaya na ƙaruwa. Akai S1000 ta 1988 tana da wannan, kuma ya zama ruwan dare a na'urorin bayanta. Kuskuren da ake yi shi ne tsawaita narkin fiye da kima, har sautin ya riƙa yin wani lumshi a tsakiya kamar mai numfashi.

Sautin sitiriyo yana da nasa ciwon kai. Igiya biyu ce, hagu da dama, kuma da wuya su tsallaka sifiri a lokaci guda. Ka gyara hagu, dama ta yi ƙas. Ga bugun ganga ɗaya ko bes, ni dai mai da shi mono nake yi, wato igiya ɗaya, ba a rasa komai na kirki. Ga abin da faɗinsa ke da amfani, gangara ce mafita.

Idan maimaicin na kiɗa ne sukutum, lissafi yana taimakawa. A gudun bugu 120 a minti, bugu ɗaya rabin sakan ne, awo 22,050, bugu huɗu kuma 88,200. In tsawon yankinka ya kauce wa wannan, ko dai ya bar rami ko ya hau kan na gaba. A kuma guji gina maimaici da fayil ɗin MP3 kai tsaye, domin tsarin matse shi yana ƙara ɗan shiru a farko da ƙarshe, sai an datse.

Yanzu ga nau'i na biyu, wanda ba ya fitowa sai kiɗa na tafiya. Kowace samfula tana da iyakar muryoyin da take fitarwa lokaci guda: SP-1200 takwas, MPC60 goma sha shida, MPC2000 talatin da biyu. In sun cika, sai ta kashe wata don ta ba sabuwa wuri, kuma ba ta jiran igiya ta sauko sifiri. Haka idan an saita maɓalli ya riƙa katse kansa, ko an haɗa maɓallai a rukunin da ɗaya ke kashe ɗaya, kamar yadda ake yi wa yankakken kiɗa. Bes mai dogon jela da aka sake bugawa kafin ya mutu shi ne sarkin wannan matsala. Maganin shi ne a gajarta jelar ta mutu kafin bugu na gaba, ko a bar maɓallin ya iya hawa kan kansa da ɗan gajeren rilis, ko a kwafi sautin a maɓalli biyu a riƙa karɓa-karɓa.

Akwai wata mai ruɗarwa: ka yanka a wurin da babu sauti ko kaɗan, amma ka ji bif. Zuƙo wurin shirun ka duba. In layin ba ya kwance a kan sifiri, yana ɗan sama ko ƙasa, to wata tsayayyar wuta ce ta biyo naɗin daga mikisa ko katin sauti mai rauni, ta ɗaga igiyar gaba ɗaya. Shirun nata ba shiru ba ne a wurin takardar sifika. A nan filta tana da aiki na gaskiya, amma mai datse ƙasa: a yanke abin da ke ƙasa da kaɗawa 20 ko 30 a sakan, a sake naɗar sautin a cikin na'urar, igiya za ta dawo mazauninta.

Wasu ƙararrakin tun a wurin naɗi aka haife su. In ƙarfin shiga ya wuce matakin ƙarshe da na'ura ke iya rubutawa, sai kan igiyar ya yanke ya zama shafaffe, kowace kusurwa kuma tana fitar da tsatsa. Kalangu ya iya jawo wannan, domin saukar icen tana da sauri har ma'aunin allo bai cika nuna iyakarta ba. A bar sarari, ƙololuwar ta tsaya desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 6 zuwa 12 ƙasa da iyaka. Wanda ya riga ya fashe, in makaɗin yana kusa, a sake naɗa, ya fi kowane gyara. Ita kuwa bif ɗin murya iskar baki ce ke dukan makirufo a kan haruffa irin b da f. A ja baya kamar ɗani ɗaya, a ɗan karkata makirufo daga saitin baki, a sa raga a tsakani, ko da safa ce aka ɗame a zoben waya. Datse ƙasa da kaɗawa 80 zuwa 100 yana share ragowar.

Ga wani abu da littafin na'ura ba zai gaya wa Bahaushe ba. Haruffanmu ƙ da ts ana furta su ne da matse maƙogwaro a saki iska da ƙarfi, don haka a zanen igiya suna fitowa kamar ɗan tsini mai kaifi da ɗan shiru a bayansa. Kamanninsu ɗaya da ƙas. Manhajar kwamfuta mai share ƙas da kanta, in aka tsananta mata, tana iya dushe su, haka ma mai yanka da ya dogara da ido. Tsakanin ƙasa da kasa, ƙaya da kaya, tsara da sara, wannan ɗan tsinin ne ke riƙe da ma'ana. Duk wanda zai share muryar mawaƙi ko mai wa'azi, ya saurari kowace kalma bayan gyara.

Nau'i na uku, mai zuwa ba sallama, mu a Sakkwato mun san shi sarai. Firji ko na'urar sanyaya ɗaki ta tashi a layi ɗaya da kayan aiki, ko an sauya daga wutar gari zuwa janareta, sai tsalle ya bi waya ya shiga naɗi. Wayar hannu kusa da kebul tana da nata dit-dit-dit. Lokacin hunturu ƙura na shiga ramin jak, inda ake soka kan waya, da cikin abin murɗawa, busasshiyar iska kuma na tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙarfe. A raba layin wuta, a nisanta waya, a goge jak, a rufe na'ura da ƙyalle in an tashi. Wanda ke da SP-404, mai aiki da batir shida, ko MPC Live mai batir a ciki, ya cire ta daga soket lokacin naɗi. In ƙarar ta tafi, ya san inda take. Idan kuma an haɗa na'ura biyu da wayar dijital kowace tana bin agogonta na ƙirga awo, za a ji ƙas jefi-jefi har sai an sa ɗaya ta bi ɗaya.

Saura mafi wuya, ƙas a tsakiyar sauti, irin ta tsohon faifan garmaho ko naɗin da ba za a iya maimaitawa ba, kamar muryar dattijon da ya riga mu gidan gaskiya. Da farko a nemo ta: a sauke muryar yankin ƙasa sosai ta yi kauri, ya riƙa tafiya a hankali, ƙas za ta zama dum mai faɗi da ake iya nunawa da yatsa. Sannan a cire ɗan guntun da take ciki, daga mahaɗar sifiri mai hawa zuwa wata mahaɗar mai hawa, cikakken zagaye ɗaya ko biyu. Milisakan 2 ko 3 da aka cire kunne ba ya kama su a murya ko goge. In na'urar ba ta iya cire tsakiya, a raba yankin gida biyu a maɓalli biyu, na farko ya fita da gangara, na biyu ya shigo da gangara. Kuma ba abin kunya ba ne a fitar da fayil zuwa kwamfuta. Audacity kyauta ce, tana da abin gyara da ke sake zana wuri mai tsawon awo har 128, kusan milisakan 3, ta hanyar duba abin da ke gabansa da bayansa. A gyara kowace ƙas da hannu, ɗaya bayan ɗaya, a ajiye asalin fayil ɗin a gefe kafin a fara.

Shi yaron nawa, da muka bi yankunansa takwas, biyar an yanka su igiya tana sama, sai muka matsar da alamominsu zuwa sifiri, muka ja su baya kaɗan, muka sa atak na milisakan 2. Biyu wutsiyarsu ce ke katsewa idan na gaba ya shigo, muka gajarta su muka ba su rilis na milisakan 15. Na takwas ba shi da laifin komai: abin da yake ji saukar icen makaɗin ce a gefen fata, kuma muka bar ta yadda take. Muka saurara a abin ji na kunne, muka saurara a sifikar wayar hannu, inda siririn amo ya fi fitowa, sannan muka kai wurin mai hayar sifiku a Runjin Sambo muka ɗaga folum. Filtar da ya rufe tun farko, a buɗe muka bar ta.